Idan Ceto Kyauta Ne, Me Ya Kawo Katin Ushiri Bakin Teburin Jibi?

"Baba, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni mai bishara ne a wata ƙaramar ikilisiya a bayan garin Garwa, shekarata ta biyu ke nan da gama makarantar Littafi Mai Tsarki. An koya mana cewa ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba. Da na zo sai na tarar da wata al'ada: wanda bai cika katin ushirinsa ba, ba ya cin jibin Ubangiji, in ya mutu ma sai an duba katin kafin a san irin jana'izar da za a yi masa. Da na yi wa'azi a kan alheri, wani dattijo ya ja ni gefe ya ce in rage, wai mutane za su saki jiki, baiko ya faɗi, ni kuwa da iyalina da baikon nan muke ci. Maƙwabcina Musulmi shi ma ya tambaye ni, in an riga an cece mu kyauta, me zai hana mu yin abin da muka ga dama? Baba, yaya zan yi wa'azin alheri ban lalata mutane ba, ban kuma ci amanar aikin ba?"

Malam, na amsa gaisuwarka, Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi, kai da mai ɗakinka da yara. Bari in ce maka ɗana, gama da wuya in ban girmi mahaifinka ba. Na yi aikin bishara a ƙauye, na yi fastanci a gari, na kuma tsaya gaban allo ina koyar da matasa irinka, saboda haka wasiƙarka ta taɓa ni a wurin da yake da tabo.

Abu uku ka kawo: katin da ya tare ƙofar jibi, tsoron dattijon nan, da tambayar maƙwabcinka. Ka ƙara da na huɗu a ɓoye, wato abin da za a ɗora a murhu a gidanka. Duk saiwarsu ɗaya. Tambayar ita ce, alherin da Allah ya yi mana cikin Almasihu kyauta ce ta gaske, ko kuwa irin kyautar da ake rubutawa a littafi ana jiran ranar ramuwa?

Kalmar alheri a bakinmu

Ka san biki irin na iyayenmu mata. Ranar suna ko aure, ƙawa ta kawo turmin zane da kuɗi, a yi guɗa, a ce ta yi alheri. Amma akwai wadda take zaune a ƙuryar ɗaki tana riƙe da lissafi, wance ta kawo kaza, wance ta kawo kaza. Ranar da sha'ani ya zo gidan mai kawowa, dole a mayar, har da ƙari, in ba haka ba zumunci ya yi tsami. Mun tashi cikin wannan, kuma ba abin zargi ba ne, da shi talakawa suke ɗaukar nauyin juna. Sai dai ya sa kunnenmu in ya ji "kyauta" yakan ji "bashi" a ƙarƙashinta. Karin maganarmu ma ta ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gaskiya ce tsakanin mutum da mutum. Matsala tana farawa ne sa'ad da muka ɗauki wannan ma'auni muka kai shi gaban Allah, muka zaci ya ba mu Ɗansa ne a matsayin biki, mu kuma mu rama da ushiri da azumi da zuwa addu'ar asuba.

Ga kuma kalmar lada, wadda ba ta barin bakin kowa a ƙasarmu, Kirista da Musulmi. Bulus ya raba kalmomin nan biyu a Romawa sura 4. Ya ce mai aiki in aka biya shi, ba a ce an yi masa alheri, hakkinsa aka ba shi. Wanda ya yini yana tsinkar auduga a gonar wani, da yamma in an ƙirga masa kuɗinsa ba ya durƙusawa, guminsa ne. Amma Bulus ya ci gaba ya ce Allah yana baratar da marar ibada wanda ya ba da gaskiya, ba wanda ya kawo takardar aiki ba. A Afisawa 2:8-9 ya rufe kowace kafa: ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, wannan ma ba daga gare ku ba ne, baiwar Allah ce, ba ta ayyuka ba, don kada wani ya yi fahariya. A Romawa 11:6 kuma ya ce in ta ayyuka ne, to alherin ya daina zama alheri.

Kada wani ya ji "kyauta" ya zaci abin ba shi da tsada. Bitrus ya ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne mai daraja. An biya, sai dai ba daga aljihunmu ba. Shi ya sa ƙoƙarin ƙara wani abu a kai ya zama raini, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. In sarki ya aiko maka da doki, ka laluba aljihu ka miƙa masa dala biyar ka ce ga cikon kuɗin, ai ba godiya ka yi ba. Bulus ya faɗa wa Galatiyawa cewa in ana samun adalci ta wurin shari'a, ashe Almasihu ya mutu a banza.

Wannan gardama ba a ikilisiyarku ta fara ba. Tun manzanni suna da rai aka taru a Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 15 ta nuna, domin waɗansu sun ce sai an yi wa al'ummai kaciya kafin su tsira. Bitrus ya miƙe ya ce ta wurin alherin Ubangiji Yesu za mu tsira, mu da su duka. A farkon ƙarni na biyar wani malami mai suna Felajiyus ya koyar da cewa mutum yana da ƙarfin kiyaye dokar Allah da kansa in ya ƙudura. Wanda ya tsaya masa ɗan Afirka ne, Agustin, bishof na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, kuma taron Kartaj na shekarar 418 ya ƙi koyarwar Felajiyus. A 1517 Martin Luta ya rubuta batutuwansa 95 a Witinbag ta ƙasar Jamus, saboda ana sayar wa mutane takardun sassaucin hukuncin zunubi da kuɗi. Ko tsakanin Katolika da Lutarawa, bayan ƙarnuka na jayayya, an sa hannu a kan wata sanarwa a Agusbag a 1999 da ke cewa ta wurin alheri kaɗai Allah yake karɓarmu, ba don cancantarmu ba.

Na kawo maka Luta ne domin yawancinmu a arewacin Kamaru jikokin wannan koyarwa ne. Lutarawa 'yan Amurka sun fara aiki wajen Lere ta Cadi da Yagwa a farkon shekarun 1920, wani ɗan mishan mai suna Gunderson ya iso yankin Adamawa a 1923, 'yan Nowe suka zauna a Ngaundere a 1925. Waɗansunmu kuma ta hannun ƙungiyar mishan ta SUM ko Baftis bishara ta same su. Dukansu da wannan saƙo suka zo. Abin da yake ci mini rai shi ne, bayan shekara ɗari, a sami teburin Ubangiji da mai gadi riƙe da littafin kuɗi.

Yadda katin ya zo, da inda ya kauce

Kada ka yi saurin ɗaukar dattawanka a matsayin masu son kuɗi. Katin nan da dalili ya shigo. Mutanenmu masu yawo ne, yau suna Marwa, gobe suna noman rani a bakin Binuwai, jibi sun tsallaka Najeriya ko Cadi, katin baftisma shi ne shaidar da mutum zai nuna a ikilisiyar da ba a san shi ba. Da mishan suka fara janye hannu, ikilisiyoyi suka ɗauki nauyin kansu, dole aka san abin da yake shigowa domin a biya ma'aikata, a kai kason gunduma, a yi rufin kwano. Sai aka haɗa shaidar zama ɗan ikilisiya da shaidar biya a takarda ɗaya, don sauƙi. Daga sauƙi aka zarce zuwa sharaɗi. Ba wanda ya zauna rana ɗaya ya ce bari mu sayar da jibi, a hankali abin ya gangara, kamar yadda zaizaya take cin bakin gona.

Ni kaina na riƙe wannan littafi shekaru, ban ga aibinsa ba, sai ranar da Allah ya buɗe mini ido ta wurin wata tsohuwa. Gwauruwa ce, tana kasa albasa a bakin hanya, jikoki uku a hannunta. Wata Lahadin jibi, muna cikin waƙa, na hango ta ta taga tana zaune a gindin darbejiya, ta cire takalmanta ta ajiye gefe kamar mai shirin shiga wuri mai tsarki, amma ba ta shigo ba. Bayan an tashi na je na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, lafiya ba ki shigo ba?" Ta kwance bakin zanenta ta fito da katin, ya yi laushi don daɗewa, ta nuna mini gurabe huɗu da ba hatimi. Ta ce, "Malam, Yesu yana bina wata huɗu. In albasa ta yi kuɗi zan zo." Ba ƙorafi take yi ba. Ta gaskata haka ne da zuciya ɗaya, kuma mu muka koya mata. Duk Lahadi ina faɗa daga bagade cewa ceto kyauta ne, littafin da ke kan tebur yana faɗin wani abu dabam, ta kuwa gaskata littafin. Mutane sun fi jin wa'azin da tsarinmu yake yi a kan wanda bakinmu yake yi.

Ka buɗe 1 Korintiyawa 11, inda aka fi yin bayanin jibi. Abin da ya fusata Bulus a can shi ne masu hali suna ci suna ƙoshi, suna kunyata waɗanda ba su da komai. Gwajin da ya sa kuwa shi ne kowa ya auna kansa, sa'an nan ya ci. Ba a ambaci kuɗi a matsayin sharaɗi ba ko sau ɗaya. Jibi abincin masu zunubi ne da suka tuba, kamar yadda magani yake na marasa lafiya.

Ban ce a watsar da horo ba. Ikilisiyar da ba ta horo ta daina ƙaunar 'ya'yanta. Wanda yake zaune cikin zunubi a fili, an yi masa magana a ɓoye, an koma da shaidu yadda Matiyu 18 ta tsara, ya ƙi ji, daidai ne a dakatar da shi daga tebur, da nufin a komo da shi, kuma ranar da ya tuba a karɓe shi da hannu biyu kada baƙin ciki ya haɗiye shi, yadda Bulus ya roƙi Korintiyawa a wasiƙarsa ta biyu. Amma talauci ba zunubi ba ne. Ko mai rowa na gaske, wanda yake da shi ya hana, ciwonsa a zuciya yake, hatimi ba ya warkar da shi. Zai biya don kunya ya ci jibi, rowarsa tana nan daram. Maganar jana'iza kuwa ta fi mini zafi. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai taɓa sa ko ƙwandala a baiko ba, aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Jana'iza wa'azi ce ga masu rai, a unguwanninmu kuma rabin masu zaman makoki maƙwabta ne Musulmi da suka zo don zumunci. In suka ga ana duba takardar biya kafin a yi wa gawa addu'a, wace bishara muka yi musu?

Tsoron dattijo da tambayar maƙwabci

Su biyun abu ɗaya suke faɗa, kuma ba wauta ba ce. Bulus da kansa ya san za a yi wannan tambaya, shi ya sa ya riga kowa yinta a Romawa 6: mu ci gaba da zunubi ke nan don alheri ya ƙaru? Ya ce ko kaɗan, mu da muka mutu ga zunubi yaya za mu ƙara zama a cikinsa? Wani tsohon malaminmu yakan ce mana, in ka yi wa'azin alheri ba wanda ya taɓa yi maka wannan tambaya, ka binciki wa'azinka, wataƙila shari'a kake yi da sabuwar riga.

Amsar tana cikin abin da alheri yake yi wa mutum. Gafara ba ta zuwa ita kaɗai, tana zuwa da sabuwar zuciya da Ruhu Mai Tsarki. Titus 2:11-12 ta ce alherin nan da ya kawo ceto shi ne kuma yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awar duniya. Aya ta 10 ta Afisawa 2, wadda masu wa'azi da yawa suke tsayawa kafin su kai gare ta, ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Yakubu kuma ya ce bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce. Ba faɗa yake yi da Bulus ba. Bulus yana maganar abin da yake sa itace ya rayu, Yakubu yana maganar yadda za ka gane rayayyen itace.

Kai da kake kusa da masu noman masakwa, ka ga yadda ake yi. Bayan ruwa ya ɗauke, wajen watan tara zuwa na goma, manomi ya shiga karal, wato filin laka, ya sare ciyawa, ya huda ƙasa da turke, ya zuba ɗan ruwa a ramin, ya dasa. Daga nan ba ɗigon ruwan sama har girbi a watan ɗaya ko na biyu. Dawar tana shan danshin da laka ta riƙe tun damina. Wahala kam manomi ya sha, bayansa ya san haka, amma bai taɓa cewa shi ya sa ruwa a cikin ƙasa ba, kuma sanin cewa danshin yana nan shi ne ya fito da shi gona da asuba. Wanda ya san ƙasa a bushe take ba ya dashe. Haka Bulus ya ce ya fi sauran manzanni aiki, sa'an nan ya ƙara da cewa ba shi ba ne, alherin Allah ne da ke tare da shi.

Maƙwabcinka kuwa ka amsa masa da ladabi, kada ka mai da hira gardama. Shi ma ya san ba mai tsayawa gaban Allah sai da jinƙansa, daga nan za ku fara. Ka tambaye shi bambancin ɗan ƙwadago da ɗan gida. Ɗan ƙwadago yana duban rana, in ta faɗi ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ko gonar ta ƙone ba ruwansa. Ɗan gida ba a biyansa, amma shi ne yake tashi tsakar dare in hadari ya taso ya rufe hatsin da aka shanya. Bai yi haka don a mai da shi ɗa ba, ɗa ne tun kafin ya iya riƙe fartanya. Ka ce masa haka muka fahimci matsayinmu cikin Almasihu. Sa'an nan ka bar rayuwarka ta ƙarasa bayanin, gama zai fi duban yadda kake biyan bashi da yadda kake riƙe matarka a kan yadda ka iya magana.

In dattijonku yana son shaida cewa alheri ba ya haifar da raggo, ya dubi ƙasar Cadi. A 1973 da 1974 shugaba Tombalbaye ya tilasta wa mutane shiga tsafin yondo, Kiristoci da yawa suka ƙi, har aka kashe fastoci da masu bishara a kudancin ƙasar, kafin a hamɓarar da shi a 1975. Ya dubi 'yan'uwanmu na kan iyaka wajen Mokolo da Mora, da waɗanda suka gudo daga Najeriya suka zauna a sansanin Minawawo tun 2013, suna sujada da Hausa a ƙarƙashin rumfa bayan an ƙone musu majami'u. Ba hatimin kati ne ya riƙe waɗannan mutane ba. Wanda tsoro ya kawo shi coci, tsoron da ya fi shi zai fitar da shi. Su sun san wanda ya mutu dominsu.

Akwai dai gaskiya guda a bakin dattijon da ba zan ɓoye maka ba. Waɗansu za su ji wa'azin alheri su mai da shi lasisi. Yahuza ya yi maganar irinsu a wasiƙarsa. Za ka ga wanda zai ce ai an gafarta, ya koma gidan bilbil, wato giyar dawa. Maganinsa a yi masa wa'azin alheri cikakke, da gicciye da tuba da sabuwar rayuwa a ciki, a kuma bi shi har gida. Rage alheri don gudun irinsa kamar hana yara abinci ne don wani ya yi zari.

Tukunyar gidanka

Ba na raina wannan damuwa. Na san daren da mai ɗaki take juya tukunya ba don akwai abin kirki a ciki ba, sai don yara su ji motsi su yi haƙuri har barci ya ɗauke su. Littafi bai ce ma'aikaci ya ci iska ba. 1 Korintiyawa 9:14 ta ce Ubangiji ya umarta masu shelar bishara su ci daga bishara, 1 Timoti 5:18 ta ce ma'aikaci ya cancanci hakkinsa. Ikilisiyar da ta bar mai bishararta da yunwa tana da laifi, kuma wajibi ne a koya mata haka.

Sai dai ka riƙe bambancin nan da kyau. Mu Hausawa muna da tukwici. In babban mutum ya aiko yaro da kyauta, akan ba yaron wani abu, amma ba wanda ya taɓa ɗaukar tukwici a matsayin kuɗin kayan. Yaron da ya tsaya a ƙofa ya ce ba zai sauke saƙon ba sai an biya shi, ya ci amanar wanda ya aiko shi, ya kuma ɓata masa suna. Mu 'yan aike ne. Gehazi ya bi Na'aman a guje ya karɓi azurfa da riguna a kan warkarwar da Allah ya yi kyauta, ya ƙare da kuturta. Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ka san amsar da Bitrus ya ba shi. Yau garuruwanmu sun cika da masu sayar da man shafawa da ruwan addu'a, suna yanka wa matar da ba ta haihu ba farashin albarka. Muna sukarsu, daidai ne, amma in muka ɗaura jibi a kan ushiri, hanya ɗaya muka hau, su dai sun fi mu nisa ne.

Lokacin da muka raba kati da tebur a ikilisiyar da nake, bayan doguwar shawara da dattawa, baiko ya faɗi. Ba zan yi maka daɗin baki ba. Watanni muka yi a matse, na koma gona sosai, mai ɗakina ta riƙa suyar ƙosai da safe. Bulus ma ya ɗinka tanti a Korinti, ya kuma ce wa dattawan Afisa hannuwan nan nasa ne suka biya bukatarsa. Waɗansu da suke biya don kunya ba su ƙara biya ba har na bar wurin. Amma waɗansu suka fara bayarwa yadda ban taɓa gani ba, buhun masara a ƙofar gida da asuba ba a san mai kawowa ba. Abin da ya taimaka shi ne mun zauna mun bi 2 Korintiyawa sura 8 da 9 aya aya, inda Bulus yake tara gudummawa bai yi wa kowa barazana ba, sai ya nuna musu Almasihu wanda yake mai arziki ya zama matalauci dominmu, ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba. Muka kuma sa mutum biyu su ƙirga baiko a gaban juna, ana karanta abin da ya shigo da inda ya tafi a gaban jama'a, ni kuwa ban taɓa jakar ba. Mutanenmu ba marowata ba ne, sau da yawa rashin sanin inda kuɗin yake tafiya ne yake ɗaure musu hannu. Ban yi maka alkawari cewa naka zai bi sawun nawa ba. Abin da 1 Korintiyawa 4:2 ta nema ga wakili shi ne a same shi da aminci, ba ta ambaci yawan abin da ya tara ba.

Ta inda za ka fara

Kada ka hau bagade ranar Lahadi ka yaga kati a gaban mutane. Kai baƙo ne na shekara biyu, su suka ɗebo yashin ginin nan a ka. Mai wa'azin alheri da fushi da raini ya rushe da hannun hagu abin da ya gina da na dama. Ka je gidan dattijon nan da yamma, ka zauna ƙasa, ka ce, "Baba, maganar da ka yi mini ta hana ni barci, na zo ka taimake ni mu duba Littafi tare." Ka bar shi ya faɗi abin da ya gani a shekarunsa, wataƙila ya taɓa ganin ikilisiya ta watse don sakaci, tsoronsa yana da tarihi. Ku karanta Luka 18, Bafarisiyen da ya lissafa azuminsa da ushirinsa, da mai karɓar harajin da ya bugi ƙirji, ka bar shi ya faɗa da bakinsa wanne ya koma gida baratacce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Daga nan ka kai maganar ga faston da yake lura da kai da majalisar dattawa. A nan iyakata take. Ni daga nesa nake, kunne ɗaya na ji, kuma kowace ɗarika tana da kundin tsarinta da hanyar da ake bi a canza abu. Ikilisiyoyi masu tsoron Allah sun bambanta a kan ko ushiri doka ce a Sabon Alkawari ko kuwa ma'auni ne mai kyau na farawa, sun kuma bambanta a kan wanda ya isa ya zo tebur. Ba zan yanke muku wannan ta wasiƙa ba. Ka nemi kundin ku karanta tare, gama sau da yawa za a tarar dokar katin ba ta ciki, al'ada ce kawai ta wuri. In kuwa tana ciki, ka yi biyayya a abin da ba ya hannunka, ka bi ta hanyar da aka tsara ka nemi gyara, ko da zai ɗauki shekaru. Abu guda ne ban yarda ka sassauta ba ko an matsa maka: kada bakinka ya taɓa gaya wa mutum cewa karɓuwarsa a wurin Allah tana rataye a kan abin da ya biya.

Akwai kuma abin da ba ka bukatar izinin kowa kafin ka yi. Lahadin jibi mai zuwa, ka lura da waɗanda suke sulalewa waje kafin a buɗe tebur, da waɗanda ba sa zuwa sam a ranar. Ka riƙe sunayensu a ranka, cikin mako ka bi su gida ɗaya ɗaya, ba da littafin kuɗi ba. Ka tambayi lafiyar yara, ka ji abin da ya hana su, ka karanta musu Romawa 5:8 da harshen da suka fi ji, Hausa ko Fillanci ko yarensu na gida. Tsohuwar da na ba ka labari, haka na koma wurinta ranar Talata, na same ta tana tsince ruɓaɓɓun albasa daga cikin masu kyau. Sau uku na maimaita mata cewa Yesu ba ya binta ko dala kafin ta ɗago kai ta dube ni. In ka yi wannan zagaye, ka sake rubuto mini abin da ka ji daga bakinsu, sai mu san yadda za ka shigar da maganar gaban dattawa. Ka gaishe mini da mai ɗakinka.